Koyon Aski a Kan Marayu

Duk shekara, idan karatu ya kusa ƙarewa a makarantun koyon aikin likita na Ingila da Amurka da Ostareliya da Jamus, dubban ɗalibai kan ɗaure jakunkunansu su nufi ƙasashen da ake kira matalauta. Wasu su sauka a Arusha ko Moshi a Tanzaniya, wasu a Malawi, wasu a Takoradi ta Gana, wasu kuma su wuce Nepal ko Kambodiya. Sukan yi mako huɗu zuwa takwas a wani asibiti, sannan su koma gida da hotuna da labari mai daɗin faɗi a wurin neman aiki. A takardun talla na masu shirya tafiyar, sunan abin shi ne taimakon al'ummar da ba ta da isassun likitoci. Mu 'yan nahiyar da ake zuwa wurinmu muna da wani sunan da ya fi dacewa da shi. Larabawa kan ce wane yana koyon aski a kan marayu, domin maraya ba shi da uban da zai biyo bahasi idan aska ta zame.

Tun kafin a ce mun yi wa yaran mutane ƙazafi, bari mu faɗa cewa yawancin ɗaliban nan da kyakkyawar niyya suke zuwa. Sun ga hotunan yara masu tamowa, zuciyarsu ta karye, suna so su yi wani abu. Rigimarmu da tsarin da ke turo su ce, da makarantun da ke sa hannu a takardar, da kamfanonin da ke cin riba a tsakani, da kuma shugabannin asibitocinmu da ke buɗe ƙofa ba tare da tambaya ba. Ɗalibi mai koyo ne, ko a Landan yake ko a Moshi. Jirgin sama na awa tara ba ya mayar da shi likita. To me ya sa idan ya sauka a Afirka ake kiransa mai taimako?

Ga yadda abin yake tafiya. A Birtaniya kusan kowane ɗalibin likitanci yana da wasu makonni a shekarunsa na ƙarshe da ake barinsa ya zaɓi inda zai yi su. Yana iya zama a gida, yana iya fita waje, kuma da yawa waje suke zaɓa. Wasu makarantar ce ke haɗa su da asibitin da take hulɗa da shi. Wasu kuwa kamfani suke biya, ya nema musu asibiti da masauki da motar ɗauko su daga filin jirgi, har da yawon kallon namun daji a ƙarshen mako. A Amurka abin ya ma fi haka faɗi, domin har waɗanda ba su shiga makarantar likitanci ba tukuna, masu neman gurbi kawai, sukan sayi irin wannan tafiya don ta ƙawata takardar neman shigarsu. Ku duba tallan da kyau ku ga abin da ake sayarwa. Ana yi wa yaro alkawarin zai taɓa marar lafiya da hannunsa, zai ga cututtukan da a littafi kawai yake karantawa, zai shiga ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata. Ma'ana, zai yi abin da doka ta hana shi yi a ƙasarsa. Hajar da ke kasuwar ke nan, kuma jikin talaka ne ake auna ta da shi.

Ba zargi muke yi a kan iska ba. Noelle Sullivan, malama a Jami'ar Northwestern ta Amurka, ta shafe shekaru tana bincike a asibitocin arewacin Tanzaniya, ta kuma rubuta yadda baƙi 'yan sa-kai, cikinsu har da waɗanda ba su da horon likita, ke karɓar haihuwa da yin wasu ayyukan da ba za a taɓa barinsu su yi a gida ba. A 2019 an buga wani bincike da aka yi wa mutum 223 tambayoyi, likitoci da ɗalibai da sauran ma'aikatan lafiya da suka taɓa irin wannan tafiya. Kusan rabinsu sun ce an nemi su yi aikin da ya wuce iyakar horonsu, kuma cikin waɗanda aka nema ɗin, fiye da kashi 60 cikin 100 sun yi. Wannan fa abin da suka faɗa da bakinsu ke nan. Su kansu makarantun sun san da matsalar. A 2010 wasu masana, John Crump da Jeremy Sugarman na kan gaba, suka fitar da ƙa'idojin da ya kamata a bi wajen tura masu koyo ƙasashen waje. A 2011 ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka ta fitar da nata gargaɗin ga ɗalibai. Ƙa'idojin suna da kyau a takarda. Sai dai babu mai bin ɗalibi zuwa ɗakin haihuwa da ƙarfe biyun dare ya ga ko ya kiyaye su, kuma idan ya saɓa, babu kotun da za ta iya riƙe shi, domin kafin ɗinkin ya ruɓe ya riga ya hau jirgi.

Hujjar da aka fi kawo mana ita ce wadda mu ma mun san ta da Hausa: da babu gara ba daɗi. Ai ku ba ku da likitoci, in ji su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2006 cewa Afirka na ɗauke da kashi 24 cikin 100 na nauyin cututtukan duniya, amma kashi 3 kacal na ma'aikatan lafiyar duniya ne ke cikinta. Ashe ɗalibin da ya yi shekara huɗu yana karatu bai fi babu ba?

Wannan karin maganar a kan tuwo take aiki. A asibiti akwai lokacin da ba daɗi ya fi babu kisa. Mu ɗauki yaro mai tamowa mai tsanani, irin wanda ake kawowa ya bushe, ido ya faɗa, yana gudawa. Duk wanda ya koyi aiki a asibitin Turai, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne a ɗaura wa yaron ƙarin ruwa da sauri, a kuma cika masa ciki da abinci. Dukansu biyu suna iya kashe shi. Zuciyar irin wannan yaro ta yi rauni, ruwa mai yawa ta jijiya sai ya fi ƙarfinta ta tsaya. Abinci mai nauyi farat ɗaya kuma yana hargitsa gishirin jininsa. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta ce kada a sa masa ruwa ta jijiya sai in ya shiga halin sumewa, a fara shi da madara ta musamman mai sauƙi, kaɗan-kaɗan, dare da rana. Nas ɗin da ta shekara biyar a sashen yara na Maraɗi ko Katsina ta san wannan kamar sunanta. Baƙon da ya sauka jiya bai sani ba, kuma abin tsoron shi ne bai san cewa bai sani ba.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke ƙarewa ya dubi Jinja ta Yuganda. Renee Bach 'yar Amurka ce da ta je can tana budurwa, ba ta da horon likita ko na jinya, ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa. Daga 2010 zuwa 2015 cibiyar ta karɓi yara 940, kuma 105 daga cikinsu sun mutu. Hukumomin yankin suka rufe wurin a 2015. A 2019 mata biyu da suka rasa 'ya'yansu suka kai ƙara, a 2020 aka sasanta, aka biya kowacce abin da bai kai dala dubu goma ba, ba tare da an amsa laifi ba. Ita dai ta musanta cewa ta taɓa gabatar da kanta a matsayin likita. Mun san ita ba ɗalibar likitanci ba ce, kuma yawancin ɗalibai ba za su kai nan ba. Amma tunanin da ya bar ta ta yi shekara biyar a wurin shi ne dai tunanin da ke miƙa wa ɗan aji huɗu almakashi a ɗakin haihuwa: ai su ba su da kowa, kome aka yi musu alheri ne.

Sannan ita kanta kalmar "babu" ƙarya ce. Asibitin da ɗalibi ke sauka ba kango ba ne. Akwai likita, ko da ɗaya ne. Akwai ungozomomi da nas-nas da jami'an lafiya da suka riƙe wurin tun kafin a haifi baƙon. Idan ya zo, su ne za su koya masa. Su za su nuna masa yadda ake gane zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, yadda jijjigar masu ciki take farawa, yadda ake jin kwanciyar jariri da tafin hannu idan babu na'urar hoto. Likitan da layin mutum ɗari ke jiransa a waje zai rage saurinsa don ya yi bayani da Turanci. Nas za ta bar gadon da take kula da shi ta zama tafinta, domin baƙon ba ya jin Suwahili ko Cicewa ko Hausa, kuma rabin aikin likita tambaya ce da saurare. Safar hannun da zai sa daga ɗan abin da asibitin ke tattali ne. Ɗalibin ƙasar, wanda shi ne zai zauna a nan har tsufansa, sai ya koma layin baya yana leƙe ta kafaɗar baƙo, saboda baƙo ya biya da dala. A lissafa duka a ga wa ya taimaki wa. Asibitin talaka ne ya ba jami'ar masu kuɗi gudummawar koyarwa, ya kuma yi mata godiya a kai.

Za a ce ai ana biyan kuɗi, kuma kuɗin na taimaka wa asibitin. Wani lokaci haka ne. Amma a tambayi ungozomar da ta kwana tana koyarwa nawa ya shigo hannunta, a kuma tambayi kamfanin kashi nawa na kuɗin ɗalibin ne ya isa asibitin bayan an cire na masauki da na talla da riba. In ma ya isa duka, marar lafiyar da aka koyi ɗinki a jikinta ba ta cikin cinikin. Ba a shawarce ta ba, ba ta ga ko sisi ba.

A nan ne maganar ta fi yi mana zafi. Matar da ta zo daga ƙauye da naƙuda, ta ga Bature cikin farar riga da abin sauraren ƙirji rataye a wuya, me za ta ɗauka? Babban likita ne ya zo daga Turai, Allah ya kashe ya ba ta. Mijinta zai ma roƙi a bar Baturen ya duba ta maimakon baƙar ungozomar da ta karɓi haihuwa dubu. Babu wanda zai gaya musu cewa wannan ne karo na farko da yaron zai yi wa mace ƙari ya ɗinke. A asibitin koyarwa na Landan, dole ɗalibi ya gabatar da kansa a matsayin ɗalibi, ya nemi izini, kuma marar lafiya na da ikon cewa a'a ba tare da an rage masa kulawa ba. Wannan haƙƙi ba ya narkewa don an tsallaka Bahar Rum. Sai kuma hotuna. Jaririn da aka cire ta tiyata, tsohuwar da ƙafarta ta ruɓe, yaro tsirara a kan gado, duk sai ka gan su a Instagram da dogon rubutu kan yadda Afirka ta sauya rayuwar mai hoton. A ƙasarsa wannan kaɗai ya isa a gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa.

A 'yan shekarun nan ba mu cika ganin waɗannan ɗalibai a ƙasar Hausa ba, domin gwamnatocinsu na gargaɗinsu game da tsaro a yankunanmu. Amma mun fi kowa sanin abin da ke biyo baya idan baƙo ya taɓa jikin talaka ba tare da cikakken bayani ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Kano a kan yara 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba su san gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce ya nemi izini kuma cutar ce ta kashe su. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Gwajin magani daban, koyon ɗalibi daban, ba mu haɗa su a laifi ba. Abin da ya haɗa su shi ne amana. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, Trovan na cikin abubuwan da mutane ke ambata, kuma yaran da suka shanye a shekarun da suka biyo baya ba su san wani Pfizer ba. Amanar da mutanen karkara ke ba farar riga dukiya ce ta kowa da kowa, an daɗe ana tara ta. Duk wanda ya ɓarnatar da ita don ya koyi ɗinki, daga asusun ma'aikatan da za su zauna bayan tafiyarsa ya ci.

Yanzu mu juya hoton. Likita ya gama Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ya shekara goma yana tiyata, ya ciro jarirai ɗaruruwa da hasken tocila. Yana so ya je Amurka ya ƙaro sani na wata biyu. In ya yi sa'ar biza, abin da za a ba shi shi ne izinin kallo: ya tsaya a bayan ɗaki, hannu a aljihu, kada ya taɓa kowa, kuma sau da yawa shi zai biya kuɗin kallon. In yana so ya yi aiki, sai ya ci jarrabawoyinsu, kuma a yawancin jihohi sai ya sake horon neman ƙwarewa daga farko. A Birtaniya sai ya ci jarrabawa kashi biyu, da ta Turanci a kai, ko da da Turancin ya yi karatu tun firamare. Ba mu ce sun yi laifi ba. Suna kare marasa lafiyarsu ne, kuma haka ya kamata kowace ƙasa ta yi. Tambayarmu ita ce, wane ma'auni ne ya hana ƙwararrenmu taɓa ɗan yatsan mutumin Boston, ya kuma halatta wa ɗalibinsu cikin matar Moshi?

Ma'aunin tsoho ne. A 1902 Turawan mulkin mallaka suka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, suka kuma rubuta cewa sai ɗan asalin Turai ne zai shiga, alhali akwai 'yan Saliyo da Legas da suka yi digirinsu a Edinbara da Landan. Da aka buɗe makarantar likitanci a Yaba a shekarun 1930, takardar da take bayarwa ta mataimakin likita ce, ba ta aiki a wajen Najeriya. An sauke tuta tun 1960, amma tunanin cewa akwai magani na manya da magani na talakawan mulki bai sauka ba.

Ga kuma abin dariya mai sa kuka. Ƙasashen da ke turo mana ɗalibai don ba mu da likitoci, su ne ke ɗauke da likitocin namu. Wani bincike da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2011 ya lissafa abin da ƙasashe tara na Afirka, har da Najeriya, suka kashe wajen horar da likitocin da suka koma aiki a Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostareliya. Asarar ta haura dala biliyan biyu. Ribar da Birtaniya kaɗai ta samu, ta hanyar tsira daga kuɗin horar da nata, ta kai dala biliyan 2.7. Tun daga lokacin kuwa ficewar ƙaruwa ta yi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya da Nijar da Gana cikin ƙasashe 55 da ta ce a daina zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu. Wato mu aika musu da wanda ya nuna ya zauna shekara talatin, su aiko mana da ɗanye na mako shida, sannan a rubuta a jarida cewa su ne masu kyauta.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu ɗalibin da ke shiga ɗakin tiyata da ƙarfin tsiya. Wani shugaban asibiti ne ya karɓi kuɗi ya sa hannu. Wani babban likita ne ya ga dama ya tafi asibitinsa na kuɗi ya bar wa baƙo sashen. Kusan kowace ƙasa a nahiyar nan tana da hukumar da ke ba likitoci lasisi, kuma dokokinsu sun hana wanda ba shi da rajista yin aikin likita, amma farar fata kan wuce ta gaban dokar kamar ba a rubuta ta ba. Shugabanninmu sun taru a Abuja a 2001 sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba. A 2019 ministan ƙwadago Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya fito a talabijin ya ce Najeriya na da rarar likitoci, masu tafiya su tafi. A 2023 kuma majalisar wakilai ta ɗauko ƙudurin hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida, kamar ɗaure mutum a turke zai maye gurbin albashi da wutar lantarki.

Kuma irin askin nan muna yin sa a cikin gida. Yaro ya gama shekararsa ɗaya ta horo a asibitin koyarwa, a tura shi bautar ƙasa wani babban asibitin ƙaramar hukuma, ya tarar shi kaɗai ne likita. Babu na gaba da zai tambaya, wani lokaci ko yaren garin ba ya ji. Ranar da aka kawo mace mahaifa ta fashe, ko ya yanka ko ta mutu a hanyar birni. Shi aƙalla likita ne mai rajista, zai kuma shekara a wurin ya ga sakamakon aikinsa. Amma ƙa'idar ɗaya ce: mafi ƙarancin gogewa ga mafi tsananin buƙata. 'Ya'yan manya ba a kai su irin wannan asibiti, shi ya sa babu mai jin zafin abin a inda ake yanke shawara.

Ba mu ce a rufe ƙofa ba. Mun ga baƙin da suka zo da gaskiya, mun kuma san kamanninsu. Kees Waaldijk, likita ɗan ƙasar Holan, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a farkon shekarun 1980. Ya tarar da matan da yoyon fitsari ya raba da mazajensu da danginsu, ya duƙufa kan gyaransu, ya zauna shekaru gommai. Ya yi wa dubban mata aiki a Katsina da Kano da wasu garuruwan, ya horar da ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa, har Babbar Ruga ta zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Ya zo da sana'a a hannu, ya daɗe har ya ga inda ɗinkinsa ya riƙe da inda ya warware, ya kuma bar hannaye a bayansa. Najeriya ma da ta kafa shirinta na tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan a 1987, waɗanda suka gama ne take turawa, na shekara biyu, bisa buƙatar ƙasar da za ta karɓa.

Ko a harkar ɗalibai akwai inda aka yi abin da mutunci. Jami'ar Indiyana ta Amurka da Jami'ar Moi da ke Eldoret a Kenya sun ƙulla hulɗa tun wajen 1990. Ɗaliban Amurka na zuwa Eldoret, amma akwai malaminsu da ke zaune a can yana sa musu ido, kuma suna zagayen gadaje tare da ɗaliban Kenya a ƙarƙashin likitocin Kenya. Abin da ya fi muhimmanci, ɗaliban Kenya su ma suna zuwa asibitocin Amurka, an biya musu kuɗin tafiya. Kyuba kuwa ta bi ta wata hanyar gaba ɗaya. A 1999 ta buɗe makarantar likitanci a kusa da Habana, tana ɗauko 'ya'yan talakawa daga Latin Amurka da Afirka, har da unguwannin marasa galihu na Amurka, ta koyar da su kyauta da fatan su koma inda suka fito. Ana iya sukar gwamnatin Kyuba kan yadda take riƙe kaso mai yawa na albashin likitocin da take turawa waje, kuma sukar na da tushe. Amma a wannan batu ta gane abin da manyan jami'o'in duniya suka ƙi ganewa: ƙauyen da ba shi da likita, ɗansa yake buƙata ya zama likita.

Saboda haka abin da muke nema ba shi da wuya, sai dai yana rage riba. A daina kiran tafiyar taimako, a kira ta karatu, a biya kuɗin makaranta kamar yadda ake biya a ko'ina, kuma kuɗin ya isa hannun ungozoma da nas da likitan da suka koyar, a rubuce, kowa ya gani. Abin da ɗalibi ba zai yi a asibitin garinsu ba tare da malami a kansa ba, kada ya yi shi a Moshi ko Takoradi, kuma makarantar da ta turo shi ta ɗauki alhakin ɓarnarsa a gaban hukumar likitocin ƙasar da aka yi ɓarnar. Wanda bai shiga makarantar likitanci ba tukuna, ba shi da abin yi a gefen gadon marar lafiya ko kaɗan. A gaya wa kowane marar lafiya da yarensa cewa wannan ɗalibi ne, a kuma gaya masa yana iya ƙi. Waya ta zauna a aljihu. Asibitin da ke karɓa shi zai faɗi mutum nawa yake iya ɗauka da lokacin da yake so, bayan ya tabbatar ɗaliban gida sun sami wurin tsayawa.

Sharaɗin da zai fi tona asiri shi ne na musaya. Duk jami'ar da ta turo ɗalibi goma, ta karɓi goma daga asibitin da ya saukar da nata, ta tsaya musu a ofishin biza, ta biya jirgi da masauki, ta bar su su yi daidai abin da nata suka yi a can, babu ragi. Idan shugaban makarantar ya ce dokar ƙasarsu da kamfanin inshora ba za su yarda ɗalibin Afirka ya taɓa marasa lafiyarsu ba, mun fahimta, ba za mu yi masa musu ba. Sai ya riƙe nasa a gida har ranar da za su yarda.